Rasuwar Ɗan Aike, Wanda Aka Kashe Don An Gan Shi Zaune

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya ƙi sauka, nake sanar da abokan aiki rasuwar Ɗan Aike, ɗan ƙaramin shirin kwamfutar da na rubuta da hannuna, wanda ya yi wa ofishin nan hidima har ranar da aka gama da shi yana cikin ƙoshin lafiya.

Ga wanda bai san marigayin ba: duk abin da muka rubuta, kafin ya shiga ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane gyara, sai wani shiri ya tace fayilolin, ya ware na ajiya, ya zubar da tarkace. A da, kowane fayil sai an taso matacin nan daga barci, ya tace, ya koma ya kwanta, a sake taso shi. Mutum ya je ya sha shayi ya dawo, ɗan zoben nan na kan allo mai nuna a jira yana ta juyi. Marigayin ne ya zauna a tsakani, ya riƙe matacin a farke, yana miƙa masa fayiloli ba tsayawa. Kwamfutocinmu iri biyu ne da ba sa ga maciji da juna, amma kowacce ya shiga yana jin yarenta. Bai taɓa ɗaga murya ba. In ya gama, sai ka ji “ƙit”, shi ke nan.

Bai yi jinya ba. Sabon shugaban sashenmu ne ya leƙa jerin abubuwan da ke aiki a cikin na'ura, ya ga Ɗan Aike zaune shiru, ya yanke masa hukuncin zaman banza. Zaman nan kuwa shi ne aikinsa, kamar mai gadi a bakin ƙofa. Teburina na manne da na shugaban, gwiwar hannunsa kullum sai ta ture min kofi, amma juyowa ya tambaye ni ta yi masa nisa. Ya goge Ɗan Aike. Da yake mutum ne mai son tsafta, ya bi shi cikin tarihin ma'ajiyar ya kankare, ya tura wa kowa sabon tarihin, har kwafin da muke ajiyewa don tsaron lalura bai tsira ba. A wurin da aka gina don kada a manta komai, ko sawunsa babu. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Ya rasu ya bar matacin, wanda ya koma barcinsa. Ya bar mai gwajin aikinmu, baiwar Allah da ta fara samun ɗauko 'ya'yanta daga makaranta kan lokaci, yanzu sun koma jiranta a gindin katanga. Ya bar ni, da aka shaida wa a gaban kowa cewa jinkirin daga ɓangarena yake, kuma in aikin abokin cinikinmu bai fita makon nan ba, in nemi wani wurin.

Jana'iza babu, domin wanda ya yi kisan bai bar gawa ba. Za a karɓi ta'aziyya a teburina tun daga safe har a tashi, tunda yanzu kowa na da lokaci. An keɓe wa shugaba kujerar gaba, daidai saitin allo. Ana roƙonsa ya zauna shiru, kada ya taɓa komai, har zoben ya daina juyi. In wani ya wuce ya gan shi haka, ba ruwanmu da hukuncin da zai yanke.