Kulorin Sai Ranar Zuwan Baƙi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Ruwan Sha, uban famfuna, mai tsarkake ruwa in ya ga dama.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da katan-katan na ruwan roba da na hango a bayan kujerarka ranar da aka ce mini ba ka nan. Ni tela ne, uban yara, kuma ga 'yan koke-kokena, in ba zan takura ba.

Na ɗaya. Mun gode da kulorin, maganin da kuke zubawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai mun lura ba ya zuwa sai ranar da masu duba aiki za su ziyarce ku. A ranar ake juye abin da aka tara gaba ɗaya, ruwa ya riƙa yaji a ido, rigar da na jiƙa ta koɗe tun mai ita bai saka ba. Uwar yarana ta daina tambayar labari, shinshina bokiti kawai take yi ta ce yau kuna da baƙi.

Na biyu. Da baƙi sun juya baya, ruwa ya dawo da jama'arsa, har masu motsi a gindin kofi. Ranka ya daɗe, su ma ƙwayoyin cutar takarda kuke tura musu su tafi hutu?

Na uku. Mun ji jami'inka a rediyo yana koya mana dabaru: mu tafasa, mu tace da tsumma, ko mu jera robobi a rana ta kashe cutar. Tsumma kam ina da shi, sana'ata ce. Wutar lantarkin da za a tafasa da ita kuwa ɗabi'ar kulorin ɗinku ta ɗauka. Rufin ɗakina ya cika da robobi, hadari ya hana su aiki. In rana ce za ta yi aikin, me zai hana a miƙa mata ofishin da motar?

Na huɗu, kuma a nan dariyata ta ƙare. Autana yana kwance a asibiti, amai da gudawa sun tsotse shi har idanunsa sun faɗa. Malamar jinya ta tambayi wane ruwa nake ba shi, na ce na hukuma, ta yi mini kallon wanda ya ba ɗansa guba. Na ji kunya, na ji tsoro, kuma har yanzu ina ji.

Roƙona ƙarami ne. A turo masu duba aikin su tare a gidana, zan kawar da keken ɗinki in shimfiɗa musu katifa, ko ma samu magani kullum. In hakan ya yi wa hukuma nauyi, ka taka da kanka wata rana da babu baƙi. Kofin autana yana nan a wanke, zan cika maka shi daga famfo, in durƙusa in miƙa da hannu biyu.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Tela, baban mara lafiya.