Lambar da Alwala Ta Wanke

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na je gwajin aikin koyarwa a Safana ba. Shekara uku ina zaman jira a Batsari da takardar NCE cikin akwati, ga gurbin malamin lissafi ɗaya tal a wata sakandare, mu huɗu muna nema. Kowa zai koyar na minti ashirin a gaban shugabar makaranta da wani dattijo, Malam Lawal, wanda ya tsufa a kan lissafi.

Darasin da aka ba ni shi ne lambobin da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu, irin su bakwai da sha ɗaya. Ni kuwa, da son burgewa, na tono wata ƙatuwa a waya: 2,147,483,647. Ban haddace ta ba (ina ni ina haddace jerin lambobi goma?), sai na rubuta a tafin hannuna da biro.

Ba a kira ni ba sai bayan azahar. Na yi alwalata tsaf, na yi salla, ko tunawa ban yi ba.

Farkon darasin ya tafi sumul. Na koya wa 'yan ajin cewa duk lambar da ta ƙare da sifili ko biyar, biyar na raba ta. Suka maimaita har sau uku. Sai na gyara murya na ce, "Yanzu ga gagarumar, wadda duk duniya ba mai raba ta."

Na juya ga allo, na saci kallon tafin. Inna lillahi! Tara sun fito dishi-dishi, ta ƙarshe ta bi ruwa. Gumi ya karyo mini har cikin hula. Malam Lawal ya saukar da tabarau. Na tsura wa ɗan baƙin da ya rage ido, na yi bismilla, na rubuta biyar.

Wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, ba yanzu ka ce mai biyar a ƙarshe tana rabuwa ba?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Ai… wannan ta daban ce." (Ka ji ƙarfin hali.) Kafin in rufe baki ta raba ta a bayan littafinta, ba ko saura.

Malam Lawal ya taso a hankali, ya kama hannuna ya buɗe a gaban kowa.

"Ɗana, ka yi alwala ko?"

"Na yi, Baba."

"Allah ya karɓa. Bakwai ce."

Wani mutumin Wagini aka ɗauka, wanda bai wuce lamba sha uku ba a nasa darasin. Na hau babur na koma Batsari, sauran tawadar na narkewa a hannuna. Tun daga ranar ba na shiga aji da ilimin da ruwan buta zai iya tafiya da shi.