Ƙafa Ɗaya 'Yar Ingila

Ko na so, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da surukina ya fara shiga motata. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake, kuma ban gama sanin da wa nake fushin ba.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Na dawo Gaya da dipulom ɗina na aikin gona, na yi aure, na sayi wata tsohuwar motar Jamus mai kama da kunkuru. Motar ba ta da laifi, ina jin, in ban da ƙafafunta. Bulon, wato ƙusa mai zare, ake murɗawa ya ratsa ƙafar ya shige cikin tambur, wato gangar birki. In taya ta fashe, sai ka rungumi ƙafar kana laluben rami, ƙarfe na zame maka, gumi na shiga ido. Wanda ya ƙago wannan tsari bai taɓa tsugunawa a hanyar Dioundiou da rana tsaka ba, Allah ya isa!

Na yi shawarar gyarawa. Ana faɗaɗa ramukan tambur, a buga gujon ta baya, ƙarafa masu zare da ke tsayawa daram, sai ka rataya ƙafa a kai ka ɗaure. Na haye Kamba, cikin Najeriya, na samo gujon da abin ɗaurinsu daga wata matacciyar motar Ingila. To amma ni mutum ne mai tsoro. Na ce kada in ɓata tambur huɗu a kan abin da ban tabbatar ba, bari in gwada ƙafa ɗaya ta baya tukuna. Na auna, na sake aunawa, na ɗaure da lakilen, wato sifanan, da na aro a garaj, na mayar wa mai shi nan take (ban iya kwana da kayan mutane ba).

Sai ga ɗaurin aure a Zabori. Surukina, Baba Alhaji, shi ne waliyyin amarya, huhun goron ma a hannunsa yake. In bai je ba, babu aure. Ya yarda in kai shi, tare da ƙanensa Baba Ƙarami. Tsakanina da Baba Alhaji kunya ce: ba ya yi mini magana kai tsaye, ni ma ba na ɗaga ido in dube shi. Duk zance ta bakin ƙanen yake bi.

Mun wuce Dioundiou kaɗan sai na ji fus! Cikin ƙafafu huɗu, wadda na taɓa ita ce ta fashe. Wallahi har daɗi na ji, na ce yau za a ga ilimi. Na ɗauko lakilen motar na sa. Ya ƙi shiga. Na juya shi, ya ƙi. Sai a nan hankalina ya dawo: lakilena na milimita ne, abin ɗaurin kuwa na incin Ingilishi. Turawa biyu sun tafi sun bar mana awo biyu, ni kuma na haɗa su a mota guda.

Baba Alhaji ya dubi gonar geron da ke gefe ya ce, "Tambayi yaron nan ko za mu tafi."

Baba Ƙarami, wanda ke kirana Mushe, wato Malam a Faransanci, ya ce, "Mushe, ana tambaya."

Na ce, "Ku gaya wa Baba, ƙila... wato akwai yiwuwar..."

"Yaya, ya ce ƙila."

"Ƙila za mu tafi, ko ƙila za mu kwana?"

"Mushe, wace ƙilar ce a ciki?"

Zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauki dutse na hau dukan lakilen, ina zagin Jamus da Ingila da Faransa gaba ɗaya da Faransanci. Dutsen ya kauce ya sami babban yatsana, na ƙwalla wata ashar da Hausa tsantsa, wadda ban san na iya ba. A gaban uban matata!

Baba Ƙarami ya gyara hula ya ce, "Yaya, wannan ba sai na isar ba ko?"

Jakin wani manomi aka samo wa Baba Alhaji. Ni na bi bayansa da huhun goro a ka, karabat, wato laktaye, a wuya, yatsa na jini. Mun shiga Zabori bayan la'asar, mutane sun gaji da zama, dangin ango har sun fara sa takalma. Aka ɗaura auren ana hararata, wani tsoho na cewa ai ga amfanin karatun lakwal nan.

Da za a koma, Baba Alhaji ya aiko ƙanensa ya ce mini ya gode, amma zai bi babbar motar gyaɗa. Bai sake shiga motata ba har na sayar da ita, kuma danginsa Mushe Ƙila suke kirana har gobe.

Abin da na koya, in ma na koya: duk abin da ka sayo a ƙetaren iyaka, ka sayo shi da lakilensa. In kuma zagi ya kama dole, to ka tsaya a Faransanci.