Nomau da Ranar Cikin Kwamfuta

A Rafin Kanya akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ya haura arba'in, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai magana in ta shiga kunnensa a miƙe take zama, ba ta lanƙwasa. Yana zaune da matarsa Tabawa da kajinta tara. Da damina ta ɗauke, sai ga Saude, 'yar yayarsa, ta sauka gidan da kwamfuta. Ta karanta zanen gine-gine a birni, kwamitin gari kuma ya ba ta aikin zana ɗakin haihuwa. Sun ce ranar Juma'a suke son ganin hoton ginin kamar an riga an gina shi, in bai yi musu ba su ba wani.

Wata rana Saude na zaune a ɗakin baƙi, hoton cikin ginin ya fito duhu ɗunɗum. Ta yi tsaki ta ce, "Ɗakin nan ba haske, sai an ƙara masa taga." Nomau na bakin ƙofa. Ya zagaya bayan ɗakin da diga. Saude ba ta ankara ba sai ƙasa ta zubo mata a ka, ga fuskar kawunta a cikin rami. Ya ce, "Ta isa, ko in faɗaɗa?" Kafin azahar kajin Tabawa sun mai da ramin hanya.

Wata rana kuma hoton ya fito da fararen ɗige-ɗige a jikin bango, irin waɗanda ke fitowa in manhaja ba ta gama lissafin haske ba. Saude ta ce, "Kai, bangon nan ya yi ƙuraje." Ta fita alwala. Nomau ya leƙa, ya ga lallai ƙuraje ne, ya ɗauko man kaɗanyar Tabawa ya mulke fuskar kwamfutar tas.

Da ta dawo ta ce, "Kawu, me ka yi?"

Ya ce, "Ki ba shi kwana biyu. Nawa ma da shi suka mutu."

Wata rana, Laraba ke nan, ta gyara saitin fitilun cikin hoton, ta ƙara wa manhajar lokaci don ɗige-ɗigen su ɓace. Ta ce, "Kawu, hoton yana kan wuta, sai ya yi awa uku kafin ya nuna. Zan je gaishe da ungozoma." Nomau ya kai hannu ya ji iska mai zafi na fita ta gefe. A iya saninsa, tukunyar da tururi ke tsere mata ba ta nuna da wuri. Ya kife faifai a kai, ya lulluɓa bargo biyu, ya danne da dutsen niƙa. Saude ta tarar da kwamfutar a mace, ta yi zafi kamar kasko, aikin awa uku ya tafi. Ta ɗauke ta ta ajiye a inuwa don ta huce.

Ranar Alhamis da safe kwamfutar ta farfaɗo. Saude na ta fama da ranar da ke cikin manhajar, mai haska hoton kamar ta sama, tana ja tana saki, tana so inuwa ta rufe barandar da mata za su zauna jira. Nomau na tsaye a kanta. Don ta samu sarari ta ce, "Kawu, rana ce ke ba ni wahala. Je ka filin ginin ka tsare mini ita." Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ya tsaya daidai turken da aka kafa a mazaunin ƙofa, bai gusa ba. Masu wucewa na tambaya, yana cewa aiki aka ba shi.

Da la'asar Saude ta kai masa fura, ta buɗe kwamfuta ta nuna masa barandar cikin inuwa mai sanyi. Nomau ya dubi hoton, ya dubi sama, ido jawur.

Ya ce, "Wannan ba ita na tsare ba. Taki tana bayan ɗaki. Tawa tun azahar take marina a fuska."

Saude ta tsaya inda yake tsaye, rana ta dalle mata ido. Ta duba saitin, sai ta ga ashe ta juya arewa ta koma kudu tun farkon aiki. Ta mai da ita daidai. Nan take barandar hoton ta yi fari fat, ba inuwa ko ta tafin hannu. Da an gina haka, da masu ciki sun gasu kowace yamma. A nan gindin turken ta zauna ta juya zanen ginin gaba ɗaya.

Ranar Juma'a kwamiti ya karɓi zanen. Saude ta faɗi gaskiyar wanda ya gano kuskuren, shugaban kwamiti ya miƙa wa Nomau hannu yana sa masa albarka. Nomau ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a yabe ni. Na tsare ta har magariba, amma ta kuɓuce mini ta bayan dutse."