Takalmin Hagu na Haggai

A shekarar 1956 na fara ganin Sila, a makarantar mishan, yana zaune a bayan aji yana goge allonsa da yawu da gefen riga har sai ya ga fuskarsa a ciki. Karatu bai riƙe shi ba. Ya shiga soja, ya fito da igiya uku, amma halin goge abu sai ya yi ƙyalli bai sake shi ba. Halin nan ne ya haɗa shi da jikansa Haggai wata safiya a ƙarshen daminar 2006, ina zaune a tsakar gidansu a Zuru.

Haggai malamin gona ne. An ba shi babur mai dogayen ƙafafu don shiga ƙauyukan bayan Bena, da takalman fata masu kaiwa kusan gwiwa, aka ce masa ba a bayarwa sau biyu. Kafin ya same su kututture ya taɓa tsaga masa ƙauri. Ranar yana da tafiya: wake ya yi fure, ƙwari sun sauka, manoma suna jiran maganin feshi.

"Lafiya lau, Malam, gajiya ta bi jiki," ya amsa mini, da takalmi ɗaya a hannu. Sai ya juya ga kakansa. "Tsoho, ina ɗan'uwan wannan?"

"Ka ce Sajan."

"Sajan na kaji. Ina na hagun?"

Sila ya jawo shi daga ƙarƙashin kujera. Na ga takalman fareti da yawa a garin nan, ban taɓa ganin mai walƙiyar wannan ba. Ya gaya mana da alfahari cewa ya narka man gogewa a kan kyandir, ya bi da cokali mai zafi, ya shafa ya sake shafawa, ya ƙarasa da yawu.

"Jiya ka shigo kamar aladen da ya kwana a fadama. Jikana ba zai ratsa garin sojoji da ƙafa irin wannan ba."

Haggai ya zura ƙafa, ya yi ƙoƙarin lanƙwasa idon sawu. Fatar ta ƙi.

"Ka mayar mini da shi turmi. Da ƙafar hagu ake sa giya. Yanzu da me zan sa?"

"Da baki. Shi ya fi komai aiki a jikinka."

Haggai ya cire takalmin, Sila ya fizge shi ya rungume. Yaron bai ɗaga murya ba. Ya ce takalmin daji ba tsayuwa yake yi ba, tafiya yake yi. A wanke taɓon da burushi mai laushi, a cusa tsohuwar jarida a ciki, a bar shi ya sha iska a inuwa, sannan a murza man kaɗanya har cikin ɗinki. In fata ta sandare, rana ɗaya a hanya ta isa ta tsage, ruwa ya shiga.

"Man kaɗanya? Takalmi kake gyarawa ko amarya kake shiryawa?"

"Amaryar tana ɗaki. Kaka Leah ta ce in na dawo in ɗauke ta a baya, ta gaji da mijin da gwiwarsa ke ƙara kamar ƙofar coci."

"Ka yi mata golmo, noman neman aure? Ni shekaru na yi ina noma gonar ubanta. Kai kunya ɗaya za ka yi a kai ka asibiti."

"Noman da ka yi, ciyawar tana nan har yau. Ba ni takalmina, hadari na haɗowa."

Sila ya ce ko gwamna ya zo ba wanda zai taɓa ƙyallin nan. Sai ya ɗauko tsohuwar maganar da duk unguwa ta haddace. Haggai yana ƙarami ya saci takalmansa na soja, ya kai rafi ya kama 'yan kifaye a ciki, sannan ya jingina su a murhu don su bushe kafin a gane. Suka nannaɗe kamar ganda. Tun daga nan Sila da silifa yake zuwa faretin tsofaffin sojoji, yana tsayawa a layin baya.

"Wanda ya gasa takalmin Sajan, shi zai koya mini fata?"

"To, riƙe nawa. Ɗauko naka in sa."

"Zan ɗauko gawar, Malam ya ga aikinka."

Sila ya shiga ɗaki da takalmin a hammata. Muka ji ya ja akwati, amma bai fito ba. Haggai ya ci gaba da murza mai a na daman bai ɗago kai ba. Da na matsa masa da tambaya, ya ce ƙasa-ƙasa ya kai tsofaffin takalman wurin Ladan baduku a kasuwa an sake musu ƙasa, shi kuma tun farkon damina yake shafa musu mai kaɗan-kaɗan in tsoho ya tafi majami'a.

Sila ya fito sanye da su. Ya buga ƙafa a ƙasa, ya ɗaga dunduniya, ya lanƙwasa, ya sake lanƙwasawa. Faretin ranar 'yancin kai saura 'yan kwanaki.

"Ba su da ƙyalli," in ji shi.

"Wannan aikin Sajan ne."

Tsohon ya kalle shi, dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya zauna, ya ce Leah ta kawo ruwan ɗumi, ya ɗora takalmin hagu a cinya ya fara kankare aikinsa na asuba da hannunsa.

"Miƙo man matan nan," ya ce. "Wake ba ya jira."