Yadda Za Ka Ɓoye Mutuwar Hita Ana Tsakiyar Wankan Jego

Wannan darasi naka ne, kai da ka ɗauko hita mai dafa ruwan wanka daga Kano bara, ka kafa ta a bangon banɗaki, ka hana mutanen Karaye shan iska da labarinta. Da matarka Jamilatu ta kusa haihuwar fari, danginta na Rogo suka ce a kawo ta gida wanka. Ka gyara hula ka ce ba sai ta je ba, a gidanka famfo ke kawo ruwan zafi. Suka haƙura bisa sharaɗi ɗaya: Goggo, ƙanwar babanta, za ta zo ta zauna, kuma ranar da aka rasa tafasasshen ruwa za ta tattara mai jego da jariri su tafi, a yi suna a can. Yau kwana uku da haihuwa, kuma hitar ta mutu. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ba wanda zai ga gazawarka sai wanda yake da ido.

Mataki na ɗaya: Ka musa

Ka danna makunni, jar fitilar ta ƙi kamawa. Sake dannawa sau goma sha biyu, don inji yana jin nacin mai shi. Sannan ka ɗan mare ta a gefe. In Goggo ta ce ta ji ƙara, ce mata an ɗauke wuta ne. Amma fara kashe fankar da ke juyawa a kanta tukuna, tsohuwa ce, ba makauniya ba.

Mataki na biyu: Nemo takardar garanti

Za ka same ta a ƙasan kabad, an shimfiɗa ta ƙarƙashin kaskon turaren wuta, gefe ɗaya ya ƙone. Gefen da ya tsira zai gaya maka garantin ya ƙare kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Kada ka yi mamaki. Hita ta fi ka sanin kwanan wata.

Fita bayan gida ka kira shagon da ka saya. Mai shagon, wanda bara ya raka ka har bakin titi, yau sai ka faɗi sunanka sau uku.

"To ai garantin shekara ɗaya ne, yallaɓai," zai ce. "Wai wane ruwa kake sa mata?"

"Na rijiya nake ja wa tanki."

Sai ka ji yana maimaita wa abokan zamansa. Kashe wayar kafin dariyar ta iso.

Mataki na uku: Kira mai gyara, amma ba ɗan gari ba

Na cikin gari ya iya aikin, sai dai yana shan shayi a majalisarku, kafin azahar labari ya zaga. Gara ka hau babur har Kwanyawa ka ɗauko Maiturare, wanda injin ban ruwa ya sani, bai taɓa ganin cikin hita ba. Shigar da shi a matsayin aboki da ya zo barka. Kowa ya san ana zuwa barka da jakar sifana.

Zai kwance cikinta, laka ta zubo masa a ƙafa, ya zaro wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya yi fari fat kamar an tsoma shi a kanwa.

"Wannan ne ke dafa ruwan, kuma ya gama nasa," zai ce. "Sai an aika Kano. Mako guda, in Allah ya yarda."

Suna saura kwana huɗu. Yi masa godiya, ka roƙe shi ya yi wa jariri addu'a da ƙarfi yadda Goggo za ta ji.

Mataki na huɗu: Kome wuya, kada ka sayi itace

Wannan shi ne ginshiƙin darasin. Mai itace yana nan bakin layinku, taku arba'in daga ƙofarka. Tun kafin damina ya ware maka kaya busasshe, ya rufe da leda, ya tare ka ya ce, "Malam Ja'afar, na ga iyali sun yi nauyi, ga na jego na ajiye." Kai kuma, a gaban jama'a, ka ce ya sayar wa mutanen da. Yanzu ka koma wurinsa? Da wace fuskar?

Shiga ɗakinka da butar lantarki ta dafa shayi. Tafasa, juye a bokiti, sake tafasawa. Kafin ta shida ta tafasa ta farko ta huce, to wannan ba laifinka ba ne, halin ruwa ne. Lallaɓa ka kai banɗaki ka ajiye ƙarƙashin famfo, ka jefa ganyen darbejiya a kai. Ganye yana rufe abubuwa da yawa.

Mataki na biyar: Bar matarka ta ɗauki sauran

Nan ka yi sa'a. Tun ranar farko tayil ɗinka ya kusa kayar da Goggo, ta rantse ba ta ƙara taka shi. A bakin ƙofa take ajiye kujera tana ba da umarni.

"Ke Jamila, da zafi kuwa?"

Jamilatu za ta kalli ruwan da ko jariri ba zai ji ɗuminsa ba, ta tuna sharaɗin, ta tuna kai.

"Da zafi, Goggo. Har ƙona ni yake."

Safe da yamma za ta yi haka, ana ruwan sama, iska na shigowa ta taga, jikinta ɗanye. Kai kuwa tsaya a tsakar gida kana karɓar barka. Idan ta fito tana dafa bango, kalli wayarka. Kada ka tambaye ta yadda take ji, don za ta iya faɗa maka.

Mataki na shida: Idan asiri ya tonu

Ranar kwana biyar zai tonu. Goggo za ta miƙa mata kunun kanwa, ta ga haƙoranta na haɗuwa. Za ta taɓa goshinta. Sannan ta tuɓe takalmi, ta taka tayil ɗin da ta rantse a kansa, ta tsoma hannu a bokiti har gwiwa.

Ba za ta ɗaga murya ba, kuma za ka so a ce ta ɗaga.

"Ja'afaru, kwana nawa?"

Ce mata ƙarfen yana hanya.

"Ban tambaye ka ƙarfe ba. Kwana nawa 'yata na wanka da wannan?"

Jamilatu za ta ce, "Goggo, ni ce ban faɗa ba." Bar ta ta ƙarasa, ai ta saba.

Daga nan Goggo za ta yafa mayafi, ta yi takun nan arba'in da kanta, gaban majalisa, ta sa a sauke itace a ƙofar gidanka. Za ta haɗa murhu da duwatsu uku a kan simintin da kake taƙama da shi, ta yi wa yarinyar wankan kirki, a biya asibiti a duba ta, motar Rogo kuma tana jira.

Mataki na bakwai: Halarci sunan ɗanka

Ɗaure ragon a bayan bas ka bi su. A Rogo za a ba ka tabarma daga gefe, kusa da takalma. Surukinka zai amsa gaisuwarka cikin mutunci, ya tambayi hanya, ya tambayi damina, ba zai ambaci hita ba ko sau ɗaya. Ƙannen Jamilatu ne za su ambata, duk su biyar. In ka nemi ganin mai jego, za a ce tana wanka. Ɗaga kai ka ga hayaƙin itace yana tashi ta bayan katanga, ka san da gaske ne.

Sanarwa

Mai wannan darasi bai ɗauki alhakin zazzaɓi, ko fushin surukai, ko sunan da za a laƙaba maka a majalisa ba. Mai ƙorafi ya same ni bakin layi, ni ne Hamma mai itace. Kayan da na ware maka shi Goggo ta ɗauka, kuma ban karɓi ko sisi ba, don na ga yarinyar lokacin da ake riƙe ta tana shiga mota, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ji Maiturare ya cika alkawari, ƙarfe ya iso, jar fitila ta kama. Barka. Goggo ta aiko cewa ko an yi arba'in, sai ta ga dama za ta dawo maka da Jamilatu. Ruwan zafi dai ga shi nan har ya yi yawa, ka yi ta wanka kai kaɗai.