Gaisuwar Suruki da Inji a Kafaɗa

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ta ƙarshen damina ba. Ko na so in manta ma ba hali, domin a gidan surukaina an ɗauki nauyin tuna mini da ita duk ranar da na je.

Bari in fara gabatar da kaina, don ku san girman wanda ya faɗi. Ina da ɗan shago a Ƙafin Maiyaki, ina sayar da injinan ban-ruwa da na feshi, akasari ga manoman rani na wajen Tiga. Daga baya na ƙara da injin yankan ciyawa, irin mai shan fetur ɗin nan da ake ratayawa a kafaɗa. Dogon ƙarfe ne, a ƙarshensa akwai kai mai juyawa da zaren roba mai tsinke ciyawa. A birni da shi ake gyara gefen ciyawar gidajen manya, ta fito a miƙe kamar an yi mata gyaran fuska. A wajenmu kuwa masu lambu da makarantu ne suka fi saye.

To, a kan wannan injin ni malami ne. Ba wanda zai saya ya fita ban yi masa wa'azi ba. Ka sa takalmin ruwa, ka sa tabarau, kada ka sa riga mai yalwa. Kada ka cire murfin da ke bayan zaren, shi ke tare tsakuwa. Kafin ka tayar, ka zaga filin da ƙafa ka tsince dutse da kwalba. Sai babbar maganar, wadda nake faɗa ina ɗaga yatsa: in ka ga mutum ya nufo ka, ko wane ne shi, ka kashe inji kafin ka ce masa sannu. (Wani dattijo ya taɓa katse ni, ya ce shi inji ya zo saye ba huɗuba ba. Na ji haushi ranar.) Har suna maƙwabtan shagona suka sa mini, wai Malam Kiyaye, ni kuma ina amsawa da alfahari.

A lokacin ina neman Sa'adatu, 'yar Malam Buba na Yako. Fulani ne da suka daɗe da zama, suna noma suna kiwo. Ni da ita mun gama magana, mahaifiyarta ma ta san da ni, saura uban. Shi kuwa mutum ne da ba a gane gabansa. Ba ya faɗa, ba ya dariya, in ya ce "to" sai a wuni ana fassara ta a cikin gida. Kawuna Idi ya je masa da maganar, aka ce ya dawo in an yi shawara da 'yan'uwa. Ga kuma wani ɗan baffanta mai garke da wasu dangin ke cewa ya fi dacewa. Gaskiya ina cikin tsoro. Ina son yarinyar nan, kuma na san kalma ɗaya daga bakin tsohon ta isa ta raba ni da ita.

Wata rana muna hira ta ce ciyawa ta cinye musu ƙofar gida, yayyenta suna can wajen shanu, Baffa kuma, kamar yadda take kiran mahaifinta, kullum sai ya yi maganar macizai. A wajenmu ba sabon abu ba ne saurayi ya je ya taya surukai aiki. Ya ɗauki fartanya ko lauje, ya yi abin da zai yi, ya sulale ba tare da sun haɗa ido da uban yarinya ba. Ni kuwa na ce me zan yi da lauje alhali ina da inji? Ta gaya mini ranar Juma'a Baffa kan fita da sassafe zuwa cikin gari, ba ya dawowa sai an sauko daga masallaci. Nan take na tsara abina. Zan je da hantsi, in gyara hanyar nan tun daga bakin titi har ƙofar zaure, in fitar mata da gefe irin na birni, in ɓace. Tsoho ya dawo ya ga ƙofar gidansa kamar ta gwamna, ya tambaya wane ɗan albarka ne. Har na ji yadda za a faɗi sunana a hankali.

Ranar ta zo. Na ɗauko takalmin ruwa, na dube shi, na tuna Sa'adatu za ta leƙo ta saman danga, na mayar da shi. Na gwada tabarau a madubin babur, na ga na koma kamar kwaɗo, na cire. Maimakon kayan aiki na zura doguwar rigata ta shadda mai ruwan sararin samaniya, na kafa hula, na sa takalmi fes mai buɗaɗɗen baya, na fesa turare. (Turare, jama'a. Mutum zai je yankan ciyawa.) Murfin nan da nake rantsuwa da shi ya hana injin zama daidai a bayan babur, sai na kwance shi na jefa a buhu, na ce in na isa zan mayar. Da na isa kuwa na hango gefen mayafi ta saman danga, na ji bai dace a fara ganina a tsugune ina fama da noti ba. Zaga fili kuma ai sai wanda bai san aikinsa ba. Na ja igiya, inji ya ɗauka.

In faɗi gaskiya, aiki ya yi kyau. Gefen dama na hanyar ya fito sumul, ciyawa na tashi, ƙamshinta na haɗuwa da na fetur da na turarena. Kawunan 'yan kallo suka ƙaru a saman danga. Na fara lanƙwasa ƙugu ina shara kamar mai rawa, ina yi ina satar kallo. Na juyo gefen hagu, ina matsowa wajen zaure, kusa da turken da ake ɗaure saniyar tatsa da dare. Ciyawar wurin ta fi ko'ina tsawo da duhu, kuma duk ɗan ƙauye ya san abin da ke sa ciyawa ta yi irin wannan kyau. Ni a ranar ɗan birni ne.

Abin da Sa'adatu ba ta sani ba, ballantana ni, shi ne Baffa bai fita ba. Yayyensa biyu sun iso tun da asuba daga wajen Doguwa, kuma shawarar da aka ce za a yi da 'yan'uwa ita ake yi a cikin zauren nan, a kan maganata, ni kuma ina waje ina hana su jin juna.

Inuwa na fara gani a ƙasa. Na ɗago, sai ga dattawa uku a bakin zaure, sun sha fararen kaya na Juma'a, Malam Buba a tsakiya da rawani. Tsakanina da su bai fi tsawon tabarma ba.

Yanzu a nan ne ya kamata Malam Kiyaye ya kai ɗan yatsa kan jan madannin da ke jikin mariƙi ya kashe inji. Madannin yana nan ƙarƙashin babban yatsana. Amma jikin da ya tashi a ƙasarmu ta Kiru bai san wani madanni ba. Abin da ya sani shi ne, in ka ga suruki ka tuɓe takalmi, ka zube ƙasa, ka sunkuyar da kai, kuma kada ka kuskura ka ɗago ido sai an sallame ka. Kafin ƙwaƙwalwata ta ce uffan ƙafafuna sun fice daga takalmi, gwiwoyina sun lanƙwashe. Injin na rataye a kafaɗata, don haka da na yi ƙasa shi ma kansa ya yi ƙasa. Na ji zan kife, sai na ƙanƙame mariƙin da ƙarfi, totur kuwa, abin ƙara wa inji wuta, a jikin mariƙin yake.

Injin ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ya yi ba. Ni kuma, kaina a ƙasa, na fara.

"Baffa ina kwana. An tashi lafiya? Ina gajiya? Ya iyali? Ya damina? Ya shanu?"

Ban ji amsa ba, na ce a raina halinsa ne, dattako ne. Na ji wani abu mai ɗumi na yayyafa mini a wuya, na ce ciyawa ce. Na ji kamar ana salati sama-sama, na ɗauka addu'a ake sa mini. Da na gama da shi na karkata ga babban yayan, na sake daga farko, injin ma ya karkata tare da ni. Gaisuwar manya ba a yanke ta a tsakiya, kuma ni ba a yi mini tarbiyyar banza ba. Ina cikin gaida na ukun ne gefen rigata ya faɗa kan zaren. Kan injin ya naɗe shaddar nan, ya ja ni gaba, na ji ƙyat ta yage har ƙugu, sannan ya shaƙe ya mutu. Abin da hankalina ya kasa yi, rigata ce ta yi shi.

Sai a sannan na saci kallo.

Kan injin a tsakiyar ɗanyen kashin saniya yake, ko in ce a inda kashin yake a da, domin na riga na raba shi ga jama'a. Fararen rigunan nan uku sun koma kamar zanen atamfa. Bangon zaure ya samu, gemun babban yayan ya samu, ƙaramin yana tofar da abin da ba zan faɗa ba. A saman danga babu kai ko ɗaya. Malam Buba bai matsa daga inda yake ba, amma a saman girarsa ta hagu jini na gangarowa a hankali, inda wata tsakuwa ta same shi. Tsakaninta da ƙwayar idonsa bai fi faɗin yatsa ba. Dariya ake yi yanzu in ana ba da labarin, ni ma ina taya su, amma wallahi a lokacin ba abin dariya ba ne. Na ga auren ya tafi, na kuma ga saura ƙiris in makantar da uban wadda nake so.

Tsohon ya sa bakin rawani ya dafe girar. Ya dubi rigarsa, ya dubi 'yan'uwansa, ya dube ni a tsugune, ba takalmi, rabin riga a cikin inji. Sannan ya amsa gaisuwar, cikin muryarsa ta kullum.

"Lafiya lau. Iyali lafiya. Shanu ma, ka ga dai, suna samun abinci."

Ya juya ya shiga gida, yayyensa suka bi shi. Ban san yadda na kwance rigar ba, ban san yadda na hau babur ba. Takalmina ma a can na baro su.

Na yi kwanaki ban buɗe shago ba. Labari kuwa ya riga ni isa Ƙafin Maiyaki, har masu acaba na tambayar juna ko a nan ne ake sayar da injin watsa taki. Kawu Idi ya ce shi ba zai sake taka Yako ba, ba da furfurarsa za a yi wannan wasan ba. Na kira Sa'adatu, ta ɗauka, ta ce "Assalamu alaikum," sai dariya ta ƙwace mata, ta kashe. Na rasa ko in ji sanyi ko in yi kuka. Da ƙyar mahaifiyata ta lallashi Kawu ya je ba da haƙuri kawai, ba neman aure ba, don wannan mun riga mun yi masa jana'iza.

Ya dawo da yamma yana ta girgiza kai. Ya ce Malam Buba ya saurare shi har ƙarshe, da filasta a gira, sannan ya ce ya daɗe bai ga yaron da ƙasa ke tashi a gabansa amma ya ƙi ɗaga ido ya kalli babba ba. Wai ladabi dai akwai shi, har ya yi yawa, sauran kuma a hankali za a koya mini. Yayyen sun so su ja magana, ya ce musu tufafi wanki ake yi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: in koma in ƙarasa gefen hagu, don an bar masa ƙofar gida kamar kan da wanzami ya aske rabi ya gudu.

Na koma. Takalmin ruwa har gwiwa, tabarau na kwaɗo, tsohon wando, murfi a ɗaure tam. Na zaga filin nan da ƙafa ina tsintar tsakuwa kamar mai neman allura, kawunan saman danga suna ta shaƙewa da dariya, na Sa'adatu ya fi na kowa rawa. Da tsohon ya leƙo daga zaure na kashe inji, na sauke shi, na jingine shi nesa, sannan na zube. Ya ce, "To." A cikin gida aka fassara mini ita da cewa an ba ni.

Yau ni da Sa'adatu har da 'ya'ya. Wa'azin shago ban daina ba, sai dai na daina ɗaga yatsa, kuma na ƙara masa babi guda: dokar da ka haddace a baki ba ta tsinana komai ranar da gwiwa ta riga ka yanke shawara, don haka ka saba wa hannunka da madannin tun kafin surukinka ya fito. Gaisuwa tana jira, tsakuwa ce ba ta jira. Tabon yana nan a girar Baffa, kuma duk ranar da na gan shi sai in tuna saura ƙiris ido ya tafi.

Shi kuwa bai taɓa tayar da maganar ba. Abu ɗaya kawai yake yi. Duk lokacin da na je Yako, ko da Sallah ne, ko hannuna babu komai sai ledar goro, da na fara tuɓe takalmi zai ɗan ja baya, ya tattare rigarsa, ya tambaye ni a natse:

"A kashe yake?"